Yadda Muka Tsare Sawun Ɗan Afala

Hoton ya shigo garin Tawa ne a matsayin takardar ƙunshi. Wani mai goro ya dawo daga Sakkwato da sabulun wanka naɗe cikin shafin wata mujallar Ingilishi, ya kawo wa shugaban biro, wato ofishin gwamnatin da nake aiki, tsaraba. Shugaban ya ajiye sabulun gefe, ya miƙe takardar da tafin hannu a kan tebur, ya daɗe yana kallo. Wani saurayi ne ɗan Ingila, siriri kamar karan gero, da gajeren wando, ya turo ƙirji yana tsinke zaren da ake ɗaurawa a ƙarshen tsere. Bakinsa a buɗe, idonsa a rufe. A ƙarƙashin hoton akwai rubutu layi huɗu.

Lokacin ba mu daɗe da samun mulkin kai ba. Ni ne ƙaramin akawu a biron, ni ne tafinta, ni ne kuma mai riƙe amsa-kuwwa ranar taro. Faransanci na koya a lakwal, wato makarantar boko, Ingilishi kuwa tsintarsa na yi a rediyo da bakin fataken Sakkwato, amma tunda ba wanda ya fi ni a wurin, ni aka kira. Na karanta a hankali. Rubutun ya ce saurayin ɗalibi ne, gudun mita ɗari yake yi, ya fara tun yana ƙarami a filin makarantarsu, kuma yana fita gudu safe da yamma, ko ana ruwa ko ana sanyi.

Shugaban ya sa aka manna hoton a bango kusa da taswirar ƙasa. Dalili kuwa, a makon nan takarda ta zo daga Yamai. An ce bayan wata biyu za a yi tseren mita ɗari a Tawa tsakanin samarin yankinmu na Adar, waɗanda suka zo na ɗaya da na biyu su tafi babban birni. Takardar ba ta yi maganar aiki ba, amma kowa ya ji cewa wanda ya tafi ba ya dawowa hannu wofi: ko soja, ko gidan waya, ko dai wani abu mai kaki. Shugaban ya ce in Ingila na da nata, ba abin da zai hana Adar samun nata.

Mushen lakwal, wato malamin makaranta, shi ne ya samo mana namu. Wannan mushe mutumin yamma ne, Bazabarme, shi aka ɗora wa sha'anin wasanni domin shi kaɗai ke da agogo mai ƙirga daƙiƙa. Ya je Afala ranar kasuwa neman yaran da za a sa lakwal, sai wata maraƙa ta tsinke igiya ta ratsa rumfuna. Wani saurayi ya ajiye damin da ke kansa, ya bi ta, ya kama wutsiyarta tun ba ta fita kasuwar ba. Mushe bai samo yaran lakwal ba ran nan. Ya dawo da saurayin a bayan kamyo, babbar motar kaya.

Shekarunsa ba su fi ashirin ba. Dogo ne, ba nama a jikinsa, tafin ƙafarsa kamar ƙirgi. An gama yankan hatsi, kuma bana shi ne a layin tafiya ci-rani Kurmi. Yayyensa biyu suna can, ɗaya ya shekara uku ba labari. Tsohuwarsa ba ta son ya tafi, shi ma ba ya so, amma rumbun bai cika ba. Da mushe ya gaya masa cewa gudu na iya ba shi aikin gwamnati a cikin ƙasarsa, bai yarda ba, ya dai ce zai jinkirta tafiyar wata biyu ya gani.

Aka gwada shi a filin bayan lakwal tare da manyan ɗalibai da gardi biyu, wato dogaran gwamnati. Ba takalmi, ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa. Mushe ya busa usur. Da ya kai inda aka ja layi sai ya tsaya ya waiwayo, ya tambaye ni ko nan ne ƙarshen, don shi a ganinsa ba a fara ba. Sauran suna tafe. Mushe ya dubi agogo, ya girgiza shi, ya kanga a kunne, ya ce a sake. Aka sake, agogon bai canza magana ba.

Da a nan aka bar su, shi da mushe da filin, da ban sami abin rubutawa ba. Amma labari ya kai kasuwa kafin la'asar, washegari kuma aka kafa kwamiti.

Shugaban kwamitin wani Alhaji ne dillalin shanu, abokin mahaifina, wanda ya yanka ragon sunana. Ya fi shekara talatin yana riƙon 'yan kokowa. Duk ƙaton da ya taɓa kayar da wani a Adar ya ci tuwon gidansa. Ba wanda ya yi tunanin tambaya ko gudu da kokowa abu ɗaya ne. An dai san cewa namiji zai fita fili ya kare sunan gari, kuma akwai mutum ɗaya a Tawa da ya san yadda ake shirya irin wannan namiji. Alhaji ya zo lakwal da kansa, ya dafa kafaɗar saurayin, ya matsa damtsensa, ya yi tsaki.

"Ɗana, wa ka ba ka abinci?"

"Inna ce, Baba."

"Allah shi saka mata. Daga yau ta huta."

Ya tafi da shi gidansa, ya ba shi ɗaki a bayan zaure. Ni aka naɗa marubucin kwamiti, saboda haka duk abin da zan faɗa na gani da idona, wani ma ni na rubuta shi da Faransanci mai kyau.

Abinci aka fara da shi. Baƙon gari ne, don haka kowane babban gida ya ga wajibi ne ya aiko da akushi. Sarkin fawa na aiko da nama. Wani Buzu abokin cinikin Alhaji na aiko da cuku da nono daga arewa. Fura kuwa ba a maganarta. Akushin da ya koma da saura magana ce, domin matan gidan za su buɗe su duba, kuma kafin dare an san gidan da aka raina. Saurayin da bai taɓa cin nama sau biyu a mako ɗaya ba ya ci da murna a kwanakin farko. Daga baya ya ci don kada ya ɓata wa kowa.

Mushe ya zo ɗaukarsa zuwa fili a rana ta uku, aka tsayar da shi a zaure. Ina wurin.

"Alhaji, dole ya yi gudu kullum. In bai yi ba ƙafar za ta manta."

"Mushe, kai da ka yi karatu. Abin da Allah ya zuba ma mutum cikin ƙahwa, in shina ɗiba sahe da marece, ranar da anka buƙata mi za a iske? Kai haka kaka yi da rumbunka?"

"Ba ni da rumbu, Alhaji."

"Shi ya sa."

Wannan ƙaramin dalili ne. Babban dalilin shi ne sawu. Duk wanda ya tashi a Adar ya san cewa ɗan kokowa ba ya taka ƙasa da ƙafa tsirara in karawa ta matso. Abokin hamayya na iya aiko da wani ya ɗebi ƙasar sawunsa, a ƙulle a tsumma, a kai inda ake kaiwa, shi ke nan an ɗaure shi. In haka ake yi wa mai kokowa, wanda hannu ne rabin aikinsa, to ina ga wanda duk dukiyarsa ƙafa ce. Alhaji ya ce mutanen Madawa da na Ƙonni ba barci suke yi ba. Aka sayo wa saurayin takalmin kanti, aka shimfiɗa fatar bijimi daga ƙofar ɗakinsa zuwa zaure. Masallaci ma a kan jaki ake kai shi, ga shi kuwa ana hango masallacin daga ƙofar gida.

Mushe ya kai ƙara biro. Shugabanmu ba ya son ɓata wa Alhaji, ba ya kuma son a ce ba ɗan zamani ba ne, sai ya tara su a ofishinsa. Mushe ya nuna hoton bango. Ya ce ga yadda mai gudu yake, a dubi jikinsa.

Alhaji ya matsa kusa, ya ƙura wa hoton ido.

"Wanga yaro ba shi da kowa? Dubi haƙarƙarinshi. Ƙasa guda ta Turawa, an rasa mai dama mishi hura."

"Shi ne ya ci tseren, Alhaji."

"Da wagga yunwa. To ina ga wanda ya ƙoshi." Sai ya juyo gare ni. "Kai, ɗan biro, mi anka rubuta nan ƙasa?"

Na ce ɗalibi ne. Na ce gudun mita ɗari yake yi. Na ce ya fara tun yana ƙarami. Sai na tsaya. Alhaji na kallona, shugaban biro na kallon rufin ɗaki, kuma shi ya riga ya ji layin na huɗu da kunnensa ranar farko.

Mushe ya ce, "Akwai saura."

Na ce sauran maganar ruwa ce da sanyin ƙasarsu. Ba ƙarya na yi ba. Akwai ruwa da sanyi a cikin layin. Daga baya na yi shekaru ina aikin karanta labarai, na kuma ga manya suna yin irin wannan da ƙwarewar da ta fi tawa, amma nawa na farko ke nan.

Aka tashi a kan cewa kowa na da gaskiya, wato za a ci gaba da yadda Alhaji ya tsara. Ranar kasuwa na hau tebur da amsa-kuwwa na sanar da jama'a cewa zakaran Adar na cikin shiri.

Bayan mako uku na je gidan Alhaji kai takardar da saurayin zai dangwala wa hannu. Na same shi zaune a zaure, ƙafafunsa cikin takalmi a kan fata, akushi uku a gabansa, ɗaya ba a buɗe ba. Fuskarsa ta yi kyau, wuyansa ya cika. Duk wanda ya gan shi zai ce an kyauta masa. Ya jira mai kawo ruwa ya fita sannan ya yi magana.

"Malam, ƙahwata ta yi min nauyi."

"Hutu ne. Za ta saki."

"A'a. Na san ta. Jiya na miƙe zan kama ɗan akuya cikin gida, ya tsere min." Ya dubi ƙofa. "Ni ba ni iya ce ma Baba komi, ya yi min abin da ubana bai yi ba. Amma in na hwaɗi, Kurmi za ni. Ka yi min magana."

Na yi masa, ta hanyar da ba za ta taɓa ni ba: na gaya wa mushe. Mushe ya ce zai rubuta wa Yamai. Bai rubuta ba, amma kalmar ta isa ta sa kwamiti ya zauna. Aka daɗe ana ja, daga ƙarshe aka yi sulhun da har yau ban ga kamarsa ba. Saurayin zai fita gudu bayan sallar asuba a kan hanyar Takanamat, amma gardi zai bi shi da tsintsiya yana share sawun.

Gardin da aka ba aikin tsohon soja ne, ya yi yaƙin Faransa a ƙasashen da ba ya iya faɗin sunansu daidai, ya dawo da lambobi biyu da gwiwa ɗaya mai ciwo. Tumbinsa ya riga shi shiga ko'ina. An zaɓe shi ne don amana, kuma amanar yana da ita.

Safiyar farko saurayin ya cire takalmi, ya shaƙi iska, ya tashi. Kafin gardi ya sunkuya ya share sawu biyar, mutumin ya zama ɗigo a kan hanya. Sawu ya kwanta a fili tun daga bakin gari har gangaren fadama, mata masu zuwa rijiya suna ratsawa, masu jakai suna ratsawa. Gardi ya yi ta shara har rana ta take. Da ya dawo ya faɗa wa Alhaji gaskiya, domin soja ne. Alhaji ya riƙe kai. Ya ce wannan ai an baje dukiya ne a kasuwa.

Sai aka gyara dokar. Ni na rubuta ta: kada tazarar da ke tsakanin mai gudu da mai shara ta wuce taki goma.

Haka saurayin da ya fi kowa gudu a Adar ya yi sauran makonninsa yana horo da saurin tsohon gardi mai tsintsiya. Yana ɗaga gwiwa sama, yana kaɗa hannu yadda mushe ya koya masa, amma a wuri ɗaya yake, kamar mai kirɓa ƙasar gini. Gardi na baya a sunkuye yana nishi.

"Ɗana, sannu-sannu. Gwiwata."

"Baba gardi, wagga ai tahiya ce."

"Ni ba ni ga bambanci ba daga nan."

Gari ya samu abin kallo. Masu zuwa rijiya suka riƙa fitowa da wuri. Wata dattijuwa mai tulu takan tsaya kullum a wuri ɗaya ta ce, "Gardi, in ka gama ka biyo ta ƙofarmu, jikata ta yi aure ba mai shara." Shi kuma ya ce mata, ba tare da ya ɗago ba, shi ma'aikacin gwamnati ne, ta kai buƙatarta biro. Mushe ya zo da agogo kwana biyu. A rana ta uku ya zo ba agogo. Bayan haka bai sake zuwa ba.

Ba wanda ya yi wannan da mugunta, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan in na tuna. Alhaji na son yaron. Da kansa yake tashi ya duba ko an rufe masa ƙafa da bargo. Sarkin fawa bai taɓa aiko da ƙashi ba. Gardi ya kumbura gwiwa a kan hanyar Takanamat bai nemi a canza shi ba. Gari guda ya haɗu a kan saurayi ɗaya da dukan alherin da ya sani.

Ranar tseren aka cika filin tun hantsi. An kafa rumfa ta manya, an ja layuka da toka. Masu gudu takwas ne, daga Ƙonni da Madawa da Keita da sauran wurare. Yawancinsu ɗalibai ne, sun zo a bayan kamyo, ba wanda ya tarbe su. Na tuna wani ɗan Madawa da ya sauko daga kan buhunan albasa, yana cin gyaɗa daga aljihu. Alhaji ya dube shi ya ce Allah ya kyauta, wasu garuruwan ba su da kunya.

Namu ya iso a kan jaki, maroƙa na gaba. Wandon da tela ya auna masa a makon farko ya ƙi rufuwa, an ƙara masa ƙyalle a gefe, launin ma ba ɗaya ba. Alhaji ya ɗaura masa kambu a kowane damtse, ya ɗaura guru a ƙugu, ya rataya masa layu a wuya. Saurayin ya roƙi a bar shi ya cire takalmi. Alhaji ya nuna masa taron, ya ce baƙi nawa ne a nan, ya san abin da ke aljihun kowa? Aka bar takalmin. Gardi ya tsaya a bayan layin farawa da sabuwar tsintsiya.

Ni ina kan tebur da amsa-kuwwa. Na shirya jimlar da zan faɗa in ya tsinke zaren, na ma gwada ta a gida.

Mushe ya busa usur. Taki ashirin na farko na ga mutumin da ya kama maraƙa a Afala. Ya fita gaba da tazarar da ta sa rumfar manya ta miƙe tsaye. Daga nan kafaɗunsa suka fara rawa. Kambun hagu ya zame zuwa gwiwar hannu, gurun na dukan cikinsa, kansa ya koma baya. Ɗan Madawa mai gyaɗa ya wuce shi a tsakiyar fili, bai ko dube shi ba. Ɗan Ƙonni ya wuce. Dab da zare wani kuma ya wuce. Duka abin bai kai tsawon amsa sallama da tambayar gida ba.

Na sanar da sakamakon daidai. Na ɗaya Madawa, na biyu Ƙonni, namu na huɗu. Wannan karon ban rage komai ba, tunda kowa ya gani.

Ya tsaya bayan layi dafe da gwiwoyi, numfashinsa kamar zugazugin maƙeri. Maroƙan sun riga sun koma wajen ɗan Madawa. Gardi kaɗai ya iso gare shi, a makare kamar kullum, domin ya taho yana share layinsa tun daga farko.

Kwamiti ya zauna da la'asar, bai kuma sha wahalar gano dalili ba. Safiyar farko ce, ranar da sawu ya yi sa'o'i a kan hanya ba a share ba. Wani ya tuna ya ga baƙo mai jaki ya sunkuya a wajen fadama. Wani ya tuna jakin irin na Madawa ne. Gardi ya miƙe ya rantse cewa bai bar sawu ko ɗaya ba, aka ce masa ba a zarginsa, amma dai tsufa tsufa ne. Alhaji ya juya ga mushe, ba da faɗa ba.

"Ka gani, Mushe. Ni na ce kada shi hita. Kai ka nace."

 Sai mushe ya roƙi shugaban biro a tura saurayin Yamai a matsayin na uku, a ba shi wata ɗaya da shi a fili, zai nuna musu. Shugaban ya ce takardar Yamai mutum biyu ta ce. Ya umarce ni in rubuta rahoto cewa an yi tsere cikin tsari da lumana, kuma ɗan takarar gari ya nuna ƙwazo. Na rubuta.

A daren nan akushi ɗaya ne ya je ɗakin bayan zaure, na gidan Alhaji. Sauran gidajen ba su yi fushi ba, baƙunci ne ya ƙare.

Washegari da safe ya shigo biro ba takalmi a ƙafa. Yana riƙe da su a hannu, ya ɗora a kan teburina, ya ce a mayar wa kwamiti. Sai ya ga hoton bango. Bai taɓa shigowa ofishin ba, labarin hoton kawai yake ji. Ya tsaya gabansa ya daɗe.

"Malam, wanga shi ne na Ingila?"

"Shi ne."

"Mi anka rubuta nan ƙasa?"

Na karanta masa layi huɗun duka.

"Sahe da marece?"

"Safe da yamma. Ko ana ruwa."

"Ba mai share mishi?"

"Ba a rubuta ba."

Ya gyaɗa kai. Ya sake duban hoton, sannan ya dube ni.

"Ka san haka tun can?"

"Na sani."

 Ya yi mini sallama yadda ake yi wa ma'aikaci, ya fita. An ce masa ya jira kamyon ranar kasuwa, ya ce a'a, da ƙafa zai koma Afala.

Na sake ganinsa sau ɗaya, bayan kamar mako shida. An aike ni tasha in karɓi wani ƙunshin takardu, na tsaya gaisawa da Alhaji a rumfar da yake zama kusa da wurin. Babbar motar 'yan ci-rani ta cika, mutane a kan kaya, kaya a kan mutane. Direba ya gaji da jira ya ja mota. Ta fita tasha ta hau hanyar kudu, ta fara sauri. Sai ga wani ya ɓullo daga wajen masu tuyar ƙosai da ƙullin kaya a hammata. Ya rame ya koma yadda mushe ya kawo shi. Ba kambu, ba takalmi. Na cikin motar suka fara yi masa dariya suna ɗaga hannu, domin ba wanda ke kama motar da ta kai nan. Dariyar ba ta daɗe ba. Ya jefa ƙullin sama, aka cafe, ya kama ƙarfen baya ya haye.

Alhaji ya bi motar da kallo har ta sha kwana. Ya yi ajiyar zuciya, kuma na tabbata har ransa abin ya taɓa shi.

"Ka gani ko, ɗan biro. Sun kwance shi. Buƙatarsu ta biya."

Na ce haka ne, Baba.

Da na fito zan koma biro na bi ta kan hanyar. Sawunsa na nan a kan yashi, yatsu kaɗai, ba dunduniya, a jere har inda ya bar ƙasa. Na gwada tazarar da ke tsakanin biyu daga ciki da ƙafata, sai da na yi taki biyu da ɗan ƙari. Ba wanda ya sunkuya ya ɗebi komai. Ina tsaye wasu masu jakan itace suka biyo ta kai.